Akwatin wasa na gida: wace enkoda zan saya, kuma yaya ake jan wayoyin?

Kafintan Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata doguwa ce, ku yi haƙuri da ni. Wata biyu ke nan ina haɗa akwatin wasa irin na tsaye, wanda mutum biyu ke tsayawa a gabansa kowa da sandarsa da maɓallansa, irin waɗanda muka taso muna leƙawa a sal, wato shagon wasanni. Yarana maza uku ne, kuma da an idar da sallar isha'i sai an bi unguwa ana cigiyarsu. Na ce gara wasan ya shigo gida, in ga abin da suke bugawa, in ga da wa suke bugawa.

Aikin katako sana'ata ce, bai dame ni ba. Akwatin ya tashi, na sa masa tsohon ekiran mai inci 19, akwai kuma tsohuwar kwamfutar tebur da maƙwabcina ya bar mini, ƙanen matata ya zuba mata Batocera, wani nau'in Linux na tsofaffin wasanni. Da kilabiye, wato allon rubutun kwamfuta, wasannin suna tafiya lafiya lau. Inda na cije shi ne allon hannu. An ce mini maɓalli ba ya magana da kwamfuta kai tsaye, sai an sa wani ɗan allo a tsakaninsu da ake kira enkoda. Na ji ana cewa Zero Delay, I-PAC, Xin-Mo, wani ma ya ce in fasa tsohuwar manet, abin wasan nan da ake riƙewa a hannu, in kama da darma. Wanne zan ɗauka? Ban huda katakon ba tukuna don ban san faɗin ramin ba. Direban da ke kawo mini kayan aiki daga Kano zai tashi ran Asabar, ina so in ba shi saƙo ɗaya cikakke.

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, madalla da ba ka huda ba. Kada ka taɓa katakon nan sai maɓallan sun zo hannunka. Na daɗe ina yi wa masu sal gyara, na ga allon da anka ɓata tun ba a kunna shi ba. Maɓallan iri biyu ne. Akwai na Japan irin su Sanwa, gajeru, raminsu milimita 30, kunnuwa biyu gare su da ke kama farantin ƙarfe siriri. In ka cusa su cikin katako mai kauri kunnuwan ba su samun abin kamawa, yaro ya ja da farce ya fito. Akwai kuma irin na Amurka, dogaye masu zare da noti na roba a ƙasa, raminsu milimita 28. Waɗannan don katako anka yi su. Milimita biyu kamar ba komai ba ne, amma kai kafinta ne, ka fi ni sanin rami in ya yi faɗi ba ya komawa.

Mai Sal na Sabon Gari:
Maigida, kada a wahalar da kai. Zero Delay biyu, kowane ɗan wasa da tasa. Da wayoyinta take zuwa, kowane maɓalli da ɗan farin fuloginsa mai baki biyu. Ka cusa a allo, ka cusa ɗaya bakin a ƙafar maɓalli, ka sa USB, kwamfuta ta karɓe ta a matsayin manet, shi ke nan. Babu darma, babu abin da za a zuba wa kwamfuta. Wurin maɓalli 12 gare ta ban da na sanda, kai kuwa shida na faɗa, ɗaya na farawa, ɗaya na kuɗi, takwas ke nan, har da saura.

Akwati biyu gare ni a shago, yara na dukansu tun daga tashi makaranta har ƙarfe goma na dare. Abin da ke mutuwa maɓalli ne da sanda, enkoda ba ta cika mutuwa ba. In ma ta mutu arha gare ta, kullum akwai ta ajiya a durowata. Ka ce wa direban ya sayo uku.

Na Yamai:
Ni ban yarda ba, kuma zan faɗi dalilina. Arha ba ta ado. Mutum zai yi wata biyu yana fafe katako, sannan a ce ya sa wa abin zuciya mafi arha a kasuwa?

MAME, manhajar da ke tayar da tsofaffin wasannin nan, wani ɗan Italiya ne mai suna Nicola Salmoria ya fara ta a 1997, kuma ta san kilabiye: 5 na sa kuɗi, 1 na farawa, Tab na buɗe saiti, Esc na fita. I-PAC 2 ta kamfanin Ultimarc na Ingila tana shiga kwamfuta a matsayin kilabiye, kuma da waɗannan haruffan take zuwa tun daga masana'anta. Ƙofa 32 gare ta, mutum biyu a allo guda, wayar USB guda. Kowace waya da sukuru ake ɗaure ta, don haka tsawon da kake so shi za ka yanka. Tana da wata dabara kuma: in ka riƙe maɓallin farawa na ɗan wasa na ɗaya ka danna na biyu, Esc ke nan, ba sai ka huda ramin fita daban ba.

Babbar matsalar Zero Delay biyu ita ce suna ɗaya suke ba kwamfuta. A Linux duk biyun DragonRise za ka ga an rubuta. Yau na hagu ne ɗan wasa na ɗaya, gobe ka kunna ka tarar na dama ya zama na ɗaya. Yaya Mai Sal, ka ce wannan bai taɓa samunka ba?

Mai Sal na Sabon Gari:
Ya same ni, ba zan ɓoye ba. Amma daga Ingila zuwa Zariyar Maradi ta wace hanya? Kai kana da mai riƙo maka daga Faransa. Shi direba gare shi da ke bi ta Ɗan Isa da Jibiya. Kuɗin I-PAC ɗaya da na kawowa sun sayi Zero Delay na unguwa guda. Ran da ta ƙone kuma akwatin ya zama kabad har sai wani ya yi tafiya.

Na Yamai:
Maganar hanya gaskiya ce. Ban da ita ban ga abin da ka kare ba.

Ɗan Jami'a:
Da izinin manya. Akwai ta uku da ba a ambata ba, kuma ita muka yi amfani da ita ni da abokaina a nan Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Raspberry Pi Pico. Ta fito a watan Janairun 2021 a kan dalar Amurka 4, duk da dai kafin ta iso nan ta ƙara kuɗi. Akwai manhaja ta kyauta da ake zuba mata, GP2040-CE. Ka riƙe ɗan farin maɓallin da ke jikinta mai rubutun BOOTSEL, ka cusa USB, ta buɗe kamar kile, wato filashin USB, ka jefa fayil ɗaya a ciki, ta zama enkoda. Tana ba kwamfuta labari sau 1,000 a daƙiƙa, masu wasan faɗa na gasa ma suna amfani da ita. Ƙafafun aiki 26 gare ta. Saitinta a burauza ake yi, a adireshin 192.168.7.1, ba a buƙatar intanet.

Abin da ya fi burge ni, tana iya zama manet, tana iya zama kilabiye. In ka sa guda biyu a matsayin kilabiye, kowace da haruffanta daban, rikicin wane ne na ɗaya ya ƙare, domin harafin A ko ta wace ƙofa ya shigo A ne.

Kuma yaya na Yamai, a duba wani abu. Kawu ya ce Batocera ke cikin kwamfutarsa. Batocera da manet ta fi sabawa, ba kamar MAME tsagwaronta a Windows ba. I-PAC ta zamani tana iya juyewa ta zama manet, amma wannan ma wani saiti ne da sai an zauna. A Windows kuwa, yaro ya danna maɓallin da ke kan Shift sau biyar a jere, sai taga ta faɗo tsakiyar wasa, sai an je an kashe ta a saiti. Kowace da nata.

Kafintan Zariya:
Ƙanena, Picon nan darma ake yi mata?

Ɗan Jami'a:
E, Kawu, sai dai in ka samu wadda aka riga aka dasa wa ƙafafu, ko allon da ake zaunar da ita a kai mai sukurori. Kuma wuta bolt 3.3 take ɗauka a ƙafafunta, in bolt 5 ya taɓa su tana iya lalacewa.

Baba Mai Rediyo:
Lokacin da munka fara wannan aiki babu ko ɗaya cikin abubuwan da kuke lissafawa. Manet ɗin PlayStation da robarta ta cinye muke fasawa, mu kankare baƙin nan da ke kan tagulla, mu kama waya da darma, mu ɗiga gam a kai don kada ta fizge. Har gobe yana aiki, kuma matattun manet sun cika kasuwa. Sai dai aikin ido ne da hannun da ba ya rawa. Wanda bai saba riƙe ƙarfen darma ba, shi zai ɗaga tagullar gaba ɗaya. Ban ba shi wannan shawara ba.

Abin da zan hana shi da babbar murya shi ne fasa kilabiye. Mun gwada, mun sha wahala. Yara biyu na faɗa, ɗaya ya riƙe sanda gaba yana naushi, sai na ɗayan ya ƙi tsalle.

Ɗan Jami'a:
Dalilinsa, Baba, haruffan kilabiye a saƙe suke, layi na tsaye da na kwance, ba kowane da wayarsa ba. In aka danne uku da suka yi kusurwa sai allon ya rasa gane na huɗu, ya toshe shi ko ya ƙirƙiro wanda ba a danna ba. Kuma kilabiyen USB na gama-gari harafi shida kawai yake iya aikawa lokaci guda, ban da irin su Shift da Ctrl. Mutum biyu, kowa sandarsa a kusurwa, haruffa huɗu sun tafi tun ba a kai naushi ba.

Xin-Mo da Kawu ya tambaya, ita mutum biyu ce a allo guda, amma a wasu nau'o'in Linux sai an ƙara mata layi a saiti kafin a ga manet biyu maimakon ɗaya.

Malamar Lantarki:
Tun safe nake karanta ku. Kowa yana maganar allo, ba wanda ya taɓo waya, alhali a nan ne aikin ɗalibaina ke lalacewa kowace shekara.

Malam, in maɓallan sun zo ka juya ɗaya ka dubi ɗan makunnin da ke gindinsa. Ƙafa uku gare shi, an rubuta COM, NO da NC da ƙananan haruffa a jikin robar. Biyu kawai kake so, COM da NO. NO a buɗe take sai an danna ta haɗu. NC kuwa a haɗe take kullum, in ka sa waya a kanta kwamfuta za ta ɗauka an danne maɓallin an ƙi saki.

Kos, wato ɗan ƙarfen da ke bakin waya da ake cusa wa ƙafar makunni, shi ma iri biyu ne. Maɓallan Japan na milimita 2.8 suke ɗauka, makunnin dogayen nan na milimita 4.8. Wayoyin Zero Delay suna zuwa da kowane iri, don haka ka rubuta wa direban a takarda, ko ya cusa ɗaya a gaban mai shago ya gani da idonsa. In ƙaramin ya zo ba zai shiga ba, in babban ya zo wa ƙaramar ƙafa zai yi ta zamewa.

In za ka ƙara tsawo, ka nemi waya mai silli-silli a ciki, ba mai ƙarfe ɗaya ba. Mutane na son wayar intanet saboda takwas ce a ciki kowace da launinta, amma wadda ake ja a bango ƙarfe ɗaya ce, kuma allon da ake duka dare da rana yana girgiza. A bakin kos take karyewa, roba na rufe da ita, ka duba ka ga lafiya alhali ta rabu. Gajerun da ake haɗa kwamfuta da su yawanci masu silli ne, su suka fi. Kowace waya ka naɗa mata takarda a baki biyu ka rubuta sunanta, ka kuma zana taswirar ka manna a bayan ƙofar akwatin.

Sai abin da ya fi duk waɗannan. Cikin akwatin nan akwai wuta bolt 220 ta ekiran da ta kwamfuta. Gidajenmu da yawa ba a ja musu wayar ƙasa ba, shi ya sa tsohuwar kwamfutar tebur ke ɗan cizo in ka taɓa ƙarfenta ba takalmi. Sandar wasa ƙarfe ce a ciki, yara kuma ba takalmi suke tsayawa ba, wani ya fito wanka, wani da ruwan leda a hannu. Babbar wuta ta bi gefe guda cikin kwalinta a rufe, ƙananan wayoyi su bi ɗaya gefen, kada farantin sanda ya taɓa jikin kwamfuta. Ka kira mai aikin wuta ya kafa maka ƙarfen ƙasa ya haɗa da soket ɗin. Ƙofar baya kuma a sa mata kwaɗo.

Kafintan Zariya:
Malama, Allah ya saka da alheri. Maganar ƙarfen ƙasa ko a raina ban kawo ba, kuma kwamfutar tana cizon, na ji da hannuna. Gobe zan kira mai wuta.

Na yanke shawara: Zero Delay uku, dogayen maɓallai, kos 4.8. Yayana na Yamai ka yi haƙuri, ba don maganarka ba ta shige ni ba, hanya ce babu. Saura tambaya biyu. Maɓalli shida-shida lalle ne? Kuma na ji ana cewa sanda mai hanya huɗu da mai hanya takwas.

Na Yamai:
Ba komai, akwatinka ne. Shida lalle ne in za su buga Street Fighter II, wanda Capcom ta fitar a 1991: naushi uku a sama, shuri uku a ƙasa. Ma'aunin JAMMA da ake haɗa injinan da shi tun shekarun 1980, mai baki 56, maɓalli uku kawai ya tanadar wa kowane ɗan wasa, shi ya sa aka ja wa shurin waya ta daban. Neo Geo huɗu ne, za su zauna cikin shidan.

Sanda kuwa, makunni huɗu ne a ƙarƙashin kowace. Mai hanya takwas tana barin biyu su dannu tare, shi ne kusurwa. Wasan faɗa ba ya yiwuwa sai da ita. Amma Pac-Man na 1980 da Donkey Kong na 1981 don hanya huɗu aka yi su, ba su san kusurwa ba, in biyu suka dannu sai abin ya tsaya ko ya bi inda ba ka nufa ba. Sanwa JLF da masu kwaikwayonta suna da farantin roba a ƙasa da ake juyawa daga takwas zuwa huɗu, sai dai kowane juyi sai an buɗe allo. Ka bar su a takwas.

Mai Sal na Sabon Gari:
Ka ƙara wa direban na'urar karɓar kuɗi, CH-926. Bolt 12 take ci, tana koyon kuɗi har iri shida, ka yi ta jefa mata dala goma ko dala ashirin har ta gane nauyinsu da faɗinsu. 'Ya'yan maƙwabta za su cika maka gida ko ka so ko ka ƙi, gara akwatin ya biya kuɗin wutarsa.

Malamar Lantarki:
In za a sa ta, wayar siginarta kada ta shiga enkoda kai tsaye. A sa abin da zai raba wutar biyu, rile ko ɗan PC817, a tsakani, bolt 12 ya tsaya ɓangarensa.

Kafintan Zariya:
A'a, wannan ba zan sa ba. Yaya Mai Sal kai sana'arka ce, halal ɗinka ne. Ni don in raba yara da neman dala goma na yi abin nan. In ɗan maƙwabcina ya shigo gidana sai ya koma yana lalube a jakar uwarsa, me na gyara?

Baba Mai Rediyo:
Ka yi daidai, ɗana. Amma wasannin ba su tashi sai sun ga an sa kuɗi, dole dai a yi maɓallin. Ka nemi makunni mai ɗan makulli, irin na babur, ka tsinke waya ɗaya ta maɓallin kuɗi ka bi da ita ta cikinsa. Makulli na aljihunka. In an kira salla ko lokacin karatu ya yi ka murɗa, wanda ke bisa wasa ya ƙarasa nasa, sabo ba ya tashi. Ya fi a fizge musu wuta, kwamfuta ba ta son haka, ɗaukewar da ake yi mana ma ta ishe ta.

Kafintan Zariya:
Jama'a na dawo, kwana tara ke nan, kuma ba da labari mai daɗi ba. Kaya sun zo, na huda, komai ya zauna cif. Amma wayoyin da suka zo da enkodar gajeru ne, kamu ɗaya da 'yan yatsu, allona kuwa faɗinsa santimita 70. Ƙarin waya biyu-biyu ga kowane maɓalli ya yi mini yawa. Na ga yadda masu I-PAC ke yi, baƙar waya guda ta bi duk ƙafafun COM kamar carbi, sai na yi haka. Maɓallan farawa biyu masu fitila ne, na ɗauko musu wuta daga ja da baƙar waya ta cikin kwamfuta, na haɗa baƙar da carbin tun da duk mas ne, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. Sannan na kai bakin carbin ga enkoda.

Ina cusa USB fitilar enkodar ta yi ƙyaf ta mutu. Wayar ta yi ɗumi a hannuna, na ji ƙaurin roba, na fizge. Yanzu ƙofar USB ɗin nan ko kile ba ta gani. Yaran na tsaye a bayana su uku, ƙaramin ya tambaye ni ko ya mutu ke nan. Me na yi?

Malamar Lantarki:
Sannu Malam. Kada ka cusa ta biyu tukuna. Carbin ba laifi ba ne, inda ka kai shi ne. A I-PAC da Pico da Xin-Mo, wayar da maɓallai ke tarayya a kanta mas ce. Zero Delay da yawa kuwa akasin haka aka yi su, wayar tarayyarsu bolt 5 ce. Da ka haɗa ta da baƙar wayar kwamfuta, ka haɗa bolt 5 na USB da mas baki da baki. Ya kamata in faɗi wannan tun ranar da ka zaɓe ta.

Ga abin yi. Ka cire baƙar wayar fitilun daga carbin, fitilu su tsaya da wayoyinsu biyu, ba ruwansu da makunni. Ka ɗauki sabuwar enkoda ba a cusa ta ba, ka sa mitar awon wuta a wurin da take kuka in waya a haɗe take, ka taɓa ƙafafun fararen fulogin nan. Za ka ga ƙafa ɗaya a kowane fulogi tana kuka da takwararta ta fulogin kusa. Ita ce ta tarayya. Sai ka cusa USB ita kaɗai ba maɓalli, ka auna tsakanin wannan ƙafa da ƙarfen bakin USB. In mita ta nuna 5, ka tabbatar. Carbin zai yi aiki a kan wannan ƙafa, da sharaɗin kada ya taɓa mas ko ƙarfe ko'ina, kuma kowace enkoda da carbinta, kada na hagu ya haɗu da na dama. Ka canza masa launi ma, ka sa ja, don wanda zai buɗe bayanka kada ya ga baƙa ya ce mas ce.

Ɗan Jami'a:
Ƙofar USB ɗin ma kada ka fid da rai, Kawu. Kwamfutoci da yawa suna da fis mai dawowa da kansa. Ka kashe ta, ka cire daga bango, ka ba ta 'yan mintoci.

Na Yamai:
Na so in ce da I-PAC ce da wannan haɗin naka daidai ne, kuma gaskiya ne. Amma da ita ce ta ƙone ta wata hanyar, yau ba ka da ta biyu a durowa. Wannan na ba Mai Sal. Shawara ɗaya: bakin carbin na ƙarshe ka dawo da shi inda ya faro ya zama zobe. In ya tsinke a tsakiya, maɓallan da ke bayan tsinkewar za su samu ta ɗaya gefen.

Kafintan Zariya:
Alhamdu lillahi. Mita ta nuna 5 kamar yadda Malama ta ce. Ƙofar USB ta dawo. Na sake jan komai da jar waya, na yi zoben, na manna taswira a ƙofa. Maɓalli ɗaya ya zo a danne, na duba na ga a NC na sa shi. Sandar hagu kuma in an tura sama sai mutumin ya durƙusa.

Baba Mai Rediyo:
Kowa sai ya faɗa wannan. Sanda a tsakiya take juyawa, in ka tura kanta gaba gindinta baya yake zuwa. Makunnin da ke kusa da cikinka shi ne sama, na nesa shi ne ƙasa, hagu da dama ma haka. Ka musanya wayoyin, kada ka gyara a saiti, don ranar da anka sake zuba manhaja ya dawo maka.

Kafintan Zariya:
An musanya, Baba, ya daidaita. Jiya da dare babban da na tsakiya sun buga har na murɗa makulli. Amma yau da safe abin da na Yamai ya faɗa ya faru, na dama ya zama na ɗaya.

Mai Sal na Sabon Gari:
Ga yadda nake yi a shago. Ka samu ɗan reshen USB mai makunni a kowace ƙofa, ka sa ta dama a kansa, ka kafa shi inda hannunka zai kai ta ƙofar baya. Ka kunna kwamfuta ta dama na kashe, in Batocera ta gama tashi ka kunna ta. Wadda aka fara gani ita ce ta ɗaya. Kuma kafin hunturu ka sa raga mai laushi a ramukan iska, ƙurar Maradi makunni take fara ci. Ƙafafun akwatin ma ka ɗaga su daga ƙasa saboda gara.

Ɗan Jami'a:
In kunnawa da kashewar ta gundure ka, Kawu, ina da Pico biyu, ran hutu in zo mu gwada. Wayoyin da ka ja za su yi, carbin kawai za mu mayar kan mas.

Baba Mai Rediyo:
Wadda ta ƙone kada ka yar, ɗana. Sau da yawa siririn layin tagulla ne kawai ya tsinke kusa da bakin USB, silin waya ɗaya da ɗigon darma ya tashe ta. Ka kawo mini ita shago ran Juma'a bayan an sauko masallaci, ka zo da ƙaramin ya ga yadda ake yi.